Masu Renon Aku da Ilimin Karanta Jikinsa

Tambayar farko da kusan duk mai son sayen aku yake yi ita ce, "Yana magana?" In aka ce masa yana sallama, yana kiran sunayen yaran gida, yana kwaikwayon ƙarar waya, to ciniki ya kusa faɗawa. Da wuya ka ga wanda ya tsaya ya dubi yadda tsuntsun yake numfashi, ko yadda ya riƙe sanda da ƙafafunsa, ko ya leƙa ƙasan keji ya duba kashinsa. Mu Hausawa da bakinsa muka san aku. Tun muna yara Abubakar Imam ya cusa mana shi a Magana Jari Ce, littafin da aka buga a Zariya a ƙarshen shekarun 1930, inda aku ya tsare ɗan sarki da labarai har daga baya aka naɗa akun waziri. Daga nan duk wanda ya ji an ce aku, surutu ne ke fara zuwa masa a rai.

Waɗanda suka riƙi renon aku sana'a ba su cika damuwa da surutun ba. Maganar da yake yi ta aro ce, daga bakinmu ya ɗauka, kuma zai iya maimaita "lafiya lau" alhali yunwa ko tsoro na cinsa. Abin da yake nasa na gado shi ne motsi: yadda ƙwayar idonsa take tsukewa, yadda gashin wuyansa yake tashi, yadda jelarsa take kaɗawa, ƙafar da ya ɗaga da wadda ya ajiye. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, to shi aku duk jikinsa ne fuskar. Wanda ya iya karanta wannan shi ne gwanin sana'ar, ko da bai taɓa koya wa tsuntsu kalma ɗaya ba.

A manyan garuruwa irin su Kano da Kaduna da Abuja da Legas za ka tarar da rumfunan tsuntsaye, kejina a jere, tattabaru da kanari da ɗawisu da talotalo, can a gefe kuma aku. Mutanen da ke cikin harkar iri biyu ne, kuma ya kamata a bambanta su. Akwai dillali, wanda tsuntsu a wurinsa haja ne, ya shigo yau ya fita gobe. Akwai kuma mai reno, wanda yawanci tun yana yaro ya fara da kiwon tattabaru a bayan ɗaki, ya saba da zama kusa da tsuntsu yana kallonsa. Shi ne yake karɓar aku mai cizo ya zauna da shi har ya yarda da hannu. Shi ne yake rage masa farce, yake haɗa masa keji, yake riƙe shi amana in mai shi ya tafi aikin Hajji ko Umara. Kuma shi ake kira a waya da sassafe a ce, "Malam, zo ka duba mana, tun jiya yake wani abu da ba mu gane ba." A wannan kiran ne ake sanin wanda ya ƙware.

Kafin a fahimci motsin aku sai an san daga inda ya fito. Wannan mai ruwan toka da jar jela, wanda ya fi kowane iya magana, ba ɗan ƙasar Hausa ba ne. Ɗan kurmi ne, mazauninsa dazuzzukan Kuros Riba da yankin Neja Delta, da Kamaru da Gabon da Kwango, har zuwa yammacin Kenya. Namu na arewa su ne tsirya mai doguwar jela da wani ɗan ƙaramin kore mai tokar kai da rawayan ciki, waɗanda ake gani a kan manyan itatuwa. Aku na kurmi nauyinsa bai wuce giram 400 da ɗoriya ba, amma in ya samu kulawa yana iya yin shekara 40 zuwa 60 a hannun mutum. A daji cikin garke yake rayuwa, yana kwana da ɗaruruwan 'yan'uwansa, yana yini yana tashi daga itace zuwa itace neman abinci, kuma kullum akwai shaho ko maciji da ke nemansa. Garke, da neman abinci, da tsoron maharbi: kusan duk abin mamakin da yake yi a keji daga waɗannan ya samo asali.

Shi ya sa yaron da aka kawo koyon sana'ar ba a fara ba shi tsuntsu ya riƙe. Shara ake fara ba shi. Kowace safiya zai zare takardar da aka shimfiɗa a ƙasan keji, kuma kafin ya zubar sai ya nuna wa maigidansa. Kashin tsuntsu kashi uku ne a haɗe: mai ƙarfi kore ko ruwan ƙasa, da fari mai kauri, da ruwa. In farin ya koma rawaya ko kore, ana zargin hanta. In aka ga ƙwayar hatsi ta fito yadda ta shiga, ciki ba ya niƙa. In kashin ya yi ƙaranci, tsuntsun bai ci ba, ko da an ga ɓawon gyada a warwatse, domin aku marar lafiya yakan fasa abinci ya zubar ba tare da ya haɗiye ba. Bayan shara sai kallo, kuma daga nesa. Maigida zai ce wa yaron ya tsaya a bakin ƙofa inda tsuntsun bai lura da shi ba. Dalili kuwa, da zarar aku ya san ana kallonsa sai ya miƙe, ya kwantar da gashinsa, ya nuna ƙalau yake. A daji wanda ya nuna rauni shi maharbi ke fara ɗauka, don haka ɓoye ciwo a jininsa yake. Lokacin da mai gida zai gane da idonsa cewa akunsa ba shi da lafiya, sau da yawa ciwon ya kwana biyu.

Yawancin abin da ke tayar wa masu aku hankali ba ciwo ba ne, kuma rabin aikin mai reno kwantar da hankalin mutane ne. Hajiya za ta ce da dare tana jin yana goga bakinsa na sama da na ƙasa, ƙurus-ƙurus, ko wani abu ne ya maƙale masa? Babu abin da ya maƙale, alamar ya ƙoshi ne, hankalinsa a kwance, barci na shirin ɗaukarsa. Tsayuwa da ƙafa ɗaya, ɗayar a naɗe cikin gashin ciki, hutu ne, kuma tsuntsu mai ƙarfi ne yake iya yin ta. Rataya da ƙafa, kai a ƙasa, wasa ne. Tonon ƙasan keji da ƙafa ɗabi'ar aku mai ruwan toka ce. Karkata kai ya dube ka da ido ɗaya ba raini ba ne, idanunsa a gefen kai suke. Rawar gashin ƙirji bayan wanka ɗumama jiki ne. Hatta farar ƙurar da ke tashi in ya girgije, wadda matan gida suke kuka da ita a kan kujeru, daga wani gashi na musamman take fitowa, kuma ganinta alamar lafiya ce.

Ido shi ne babban darasi. Aku yana iya tsuke baƙin idonsa ya buɗe shi da sauri-sauri ba tare da hasken ɗaki ya canza ba. Duk wanda ya fara ganin haka yakan tsorata. Abin da yake nufi shi ne ransa ya motsa, amma ido kaɗai ba zai gaya maka ko murna ce ko fushi ba, sai ka haɗa da sauran jiki. In idon na wasa, gashi a kwance, yana ɗan gunguni, to abin da ke hannunka ne ya ba shi sha'awa, ko kuma magana yake shirin yi. In idon na wasa, gashin ƙeya ya tashi, ya baza jela, ya sunkuyar da kai baki a buɗe, janye hannunka. Masu sana'ar sun yi ittifaƙi a kan cewa aku ba ya cizo sai ya yi gargaɗi, mutane ne ba sa ganin gargaɗin. Akwai ma wani tarko da yake kama baƙi: aku mai son a sosa masa kai yakan sunkuyar da shi, gashi a sake, ido a lumshe. Mai shirin cizo shi ma yakan sunkuyar, amma idonsa na kanka, jikinsa a ɗaure. Tsakanin biyun akwai yatsa, domin bakin aku ba zai sha wuya da naman mutum ba.

Launin idon kuma shi ne takardar haihuwar tsuntsun. Ɗan aku idonsa baƙi ne wuluk, kafin ya cika shekara ya fara washewa zuwa ruwan toka, in ya manyanta ya koma rawaya mai haske. Dillali marar tsoron Allah yakan miƙa wa mai saye babban aku da aka kamo daga daji ya ce ɗan jariri ne, zai koyi magana nan da wata biyu. Kallo ɗaya mai reno zai yi wa idon ya san gaskiya.

Sai batun amai, wanda nake ganin babu inda ake yawan kuskure kamarsa. Aku zai dubi mutumin da ya fi so a gidan, ya riƙa kaɗa kai sama da ƙasa, ya miƙa wuya, sai ya fito da abinci daga jakar da ke wuyansa ya ajiye masa a hannu ko a kafaɗa. Mai shi ya ruɗe, ya ce tsuntsu na amai. Wannan ba amai ba ne, kyauta ce. Haka namiji yake ciyar da matarsa a daji, haka iyaye suke ciyar da 'ya'ya. Ma'anarsa ya ɗauke ka abokin zama. Amai na ciwo daban yake: tsuntsun yana fizgar kai gefe da gefe, abincin na fantsama a jikin keji, gashin kansa ya jiƙe ya manne, kuma babu ruwansa da ko akwai mutum a wurin. Na farkon ba ya buƙatar magani, na biyun kuwa bai kamata ya kwana ba a kai shi wurin likita ba. Sai dai ko kyautar ma mai reno yakan ja kunne a kanta. Yawan shafa aku a baya da ƙarƙashin fiffike yana tayar masa da sha'awar aure, daga nan ya fara kishi, ya ciji duk wanda ya matso kusa da wanda yake so, ko matar gida ce ko yaro. Kai da wuya kaɗai ake sosa masa.

Alamomin da suke da haɗari kuwa su ne waɗanda ba su da hayaniya, har mutane sukan yaba su. Za ka ji an ce, "Kwana biyun nan ya natsu, ya daina damun mu da ihu." Wannan jimla tana kaɗa hantar duk wanda ya san tsuntsu. Aku da ya kumbura gashi da tsakar rana, ya tsaya da ƙafa biyu yana gyangyaɗi, ko ya sauko ƙasan keji ya zauna, ya kai inda ba zai iya ɓoyewa ba ne. Abu na farko da gwani zai duba ita ce jela. In tana ɗagawa tana sauka tare da kowane numfashi, tsuntsun da ƙyar yake shaƙar iska. Halittar numfashinsa ba irin tamu ba ce. Bayan huhu yana da jakunkunan iska tara a cikin jiki, ba shi da tantanin da ke raba ƙirji da ciki, ƙashin ƙirjinsa ne ke motsawa ya jawo iska. Shi ya sa wanda ya matse aku a ƙirji garin kama shi zai iya kashe shi a hannu, shi ya sa kuma masu sana'ar suke naɗe shi da tawul su riƙe ta wuya da gefen fuka-fukai.

Wannan halittar ce ta sa abin da ba ya yi mana komai a iska yake halaka shi. Turaren wuta da muke ƙamsasa ɗaki da shi, maganin sauro na hayaƙi da na fesawa, hayaƙin janareto da na gawayi, duk ba abokan zamansa ba ne. Kaskon zamani mai baƙin shafe, wanda abinci ba ya kamawa, in aka bar shi ya yi zafi fiye da kima yana fitar da tururin da ke kashe tsuntsu cikin ɗan lokaci. Sannan ga gyada, wadda ita ce abincin da kusan kowa yake ba aku a ƙasar nan. Gyada ko masarar da ta sha danshi a buhu takan yi fumfuna, kuma ƙurar fumfunar in ta shiga jakunkunan iskar nan sai ta tsiro a ciki. Aku mai ruwan toka yana cikin tsuntsayen da wannan cuta ta fi kamawa. Alamarta ta farko sau da yawa muryarsa ce take dushewa ko ta canza. Mai reno na ƙwarai yakan fasa gyadar ya sansana kafin ya zuba, wadda ba zai ci da bakinsa ba ba ya ba tsuntsu.

Zafin bazara ma yana da tasa alamar: baki a buɗe yana haki, fuka-fukai a ware daga jiki. Inuwa da fesa ruwa suke magance wannan. In an yi haka hakin bai tsaya ba, to ba zafi ba ne.

Akwai wani abu da in ya faru a gida ake fara salati. Aku yana tsaye lafiya, sai ya faɗo daga sanda, ya riƙa karkarwa, fuka-fukai na bugun ƙasa, ƙafafu a ƙage, bayan ɗan lokaci ya farfaɗo a gajiye. Wasu su ce iska ce ta buge shi, wasu su ce kambun baka ne saboda baƙin da suka yaba maganarsa jiya. Addu'a ba ta da laifi a kowane hali, amma likitocin tsuntsaye sun daɗe da sanin cewa aku mai ruwan toka yana da saurin ƙarancin sinadarin kalsiyam a jini, musamman matashi wanda aka tsare a kan hatsi da gyada zalla, aka kuma ajiye shi a falo inda rana ba ta taɓa shi. Jikinsa yana buƙatar hasken rana kai tsaye kafin ya iya amfani da kalsiyam ɗin da ya ci, kuma gilashin taga yana tare irin hasken da ake buƙata. Abin takaici ne a ce a ƙasar da rana ta fi komai yawa tsuntsu yana farfaɗiya don rashin rana. Hantsi kaɗan a tsakar gida, rabin kejin a inuwa, mutum na kusa saboda kyanwa, yana hana aukuwar wannan. In ta riga ta faru kuwa, allurar likita ce ke tsayar da ita.

Abu na biyu da ke kawo irin wannan faɗuwa shi ne kejin kansa. Aku da baki yake hawa, da baki yake taɓa komai. Kejin da aka ƙera da wayar da aka shafe da tutiya don hana tsatsa, ko aka yi masa tsohon fenti mai dalma, guba ne da yake lasa kullum. Sai a ga kasala, da amai, da yawan shan ruwa, da tangaɗi. Shi ya sa mai reno da ya san aikinsa in ya shiga gida yakan shafa wayar kejin ya duba inda baki ya kankare kafin ya tambayi komai.

Kan abinci ba sai an tsawaita ba. A kurmi aku yana cin 'ya'yan itatuwa iri-iri, kuma yana matuƙar son jan naman kwakwar manja, wanda ke cike da abin da jiki ke mayarwa bitamin A. Wanda aka tsare a kan gyada da dawa yakan rasa wannan, sai yawan atishawa da toshewar hanci da fararen ƙuraje a baki. Karas da gwanda da mangwaro da dafaffen dankalin Hausa da ganye suna cike giɓin. Fiya guba ce gare shi, haka cakulan. Goro da shayi da kofi, waɗanda wasu suke gutsura masa don nishaɗi, suna ɗauke da sinadarin da ke hargitsa bugun zuciyar tsuntsu. Masu lura sukan ajiye ɗan sikelin kicin su riƙa auna shi da safe, domin gashi yana rufe rama. In nauyi ya ragu da kashi 10 cikin 100, ko ƙashin ƙirji ya fito da kaifi a ƙarƙashin yatsa, akwai magana.

Mafi wuyar duka shi ne aku mai fige kansa. Yakan fara da tauna bakin gashi, sai ƙirji, sai cinyoyi, har ka ga tsuntsu tsirara, kai kaɗai ke da gashi. Wannan kan shi ne mabuɗin ganewa. Baki ba ya kaiwa kai, don haka in jiki ya fige kai na nan lafiya, shi ne ke yi wa kansa. In kuwa har kan ya zube, sababbin gashin na fitowa a murɗe, farar ƙurar nan ta ɓace, baki ya koma baƙi mai sheƙi, to ana zargin wata cutar bairos mai cin gashi da baki, wadda take yaɗuwa, kuma dole a ware shi daga sauran. Figar kai tana iya fitowa daga ciwo a ciki, ko ƙaiƙayin bushewar fata a lokacin hunturu ga tsuntsun da aka halitta don danshin kurmi, ko rashin barci a falon da talabijin ke kunne har tsakar dare, alhali shi awa 10 zuwa 12 na duhu yake buƙata. Amma in an kawar da waɗannan duka, abin da ya rage shi ne kaɗaici da zaman banza.

A nan ne ya kamata a tuna wace irin ƙwaƙwalwa aka kulle a kejin. Wata masaniya Ba'amurkiya, Irene Pepperberg, ta sayi aku mai ruwan toka a 1977 ta sa masa suna Alex, ta yi shekara 30 tana nazarinsa har ya mutu a 2007. Ya san sunayen abubuwa kusan 50, da launuka bakwai, yana ƙidaya har shida, yana gane abin da ya yi kama da abin da ya bambanta. Tsuntsu mai wannan basira, wanda a daji yake yini yana warware matsalar abinci tare da garkensa, mun sa shi a waya shi kaɗai da kwanon gyada da zai cinye cikin minti kaɗan. Me zai yi da sauran yinin? Wani ya fige kansa. Wani ya riƙa zirga-zirga a kan sanda, taku iri ɗaya, juyi iri ɗaya, ba fasawa. Wani ya riƙa kaɗa kai gefe da gefe ko lasar waya guda. Masu gida su ɗauka rawa yake. Gaskiya ne dangin aku suna rawa ta haƙiƙa: wani farin aku mai tukku a Amurka, mai suna Snowball, masana sun tabbatar a 2009 cewa yana bin kiɗa yana sauya sauri in an sauya, a 2019 kuma suka ƙirga masa salon rawa 14. Amma rawa tana farawa da kiɗa ta tsaya da shi, kuma salonta na canzawa. Motsin da ba ya canzawa, ba shi da mafari ba shi da dalili, ƙunci ne.

Maganin da masu reno suke bayarwa ba na kwalba ba ne. Su sa ɗanyen reshen itace marar guba ya yi ta ɓarza. Su naɗe abinci a takarda ko su cusa shi a ramin katako, sai ya yi aiki kafin ya ci. Su matsar da kejin inda iyali ke zama, bayansa jingine da bango don ya san babu abin da zai zo masa ta baya. Su riƙa fesa masa ruwa. Su hana a yi masa tsawa in ya ja gashi, domin a wurin aku tsawa ma kulawa ce, zai ƙara. Binciken da aka yi a Jami'ar Kalifoniya da ke Debis, wanda aka wallafa a 2003 a kan wasu aku na Kudancin Amurka, ya nuna cewa ba tsuntsu aikin neman abinci da abin hawa da taunawa yana hana figar kai, yana kuma rage ta ga wanda ya riga ya fara. Sai dai wanda ya shekara da shekaru yana yi ba lallai ya daina ba, kuma mai gaskiya a sana'ar yakan faɗa wa Alhaji haka tun farko maimakon ya riƙa karɓar kuɗinsa.

Akwai wata ƙara da duk wanda ya taɓa shiga rumfar aku ya sani, wani gurnani mai ƙarfi da tsuntsun yake yi in mutum ya matso, ya manne a lungun keji yana karkarwa. Dillali zai ce baƙunta ce, zai saba. Wannan kukan tsoro ne, kuma galibi na wanda aka kamo daga daji ne da girmansa. Da danƙo ake kama su, a shafa a sanda a kafa kusa da wani aku da aka ɗaure don ya jawo 'yan'uwansa, a cusa su a akwati, kuma masu yawa suna mutuwa kafin su iso kasuwa. An fitar da fiye da miliyan ɗaya daga Afirka ta hanyar da doka ta sani tun daga 1975, ban da na fasa-ƙwauri. A Gana, wani bincike da aka wallafa a 2016 ya gano cewa kashi 90 zuwa 99 cikin 100 na akun ƙasar sun ƙare tun daga 1992. A shekarar 2016 ɗin ce taron ƙasashen yarjejeniyar CITES a Johannasbag ya haramta cinikin aku mai ruwan toka na daji tsakanin ƙasashe, kuma Najeriya na cikin yarjejeniyar, tana da tata dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa tun 1985. Ra'ayina a nan a fili yake: wanda ya iya karanta jikin tsuntsu ya fi kowa sanin abin da wannan gurnanin yake nufi, don haka shi ya fi cancanta ya ƙi karɓar irin wannan haja. Makomar sana'ar tana wajen kula da dubban da suka riga suka shiga gidaje, da hayayyafa su a hannu bisa izinin hukuma.

Malamanmu sun kafa hujja da hadisin ƙanen Anas ɗan Malik, yaron da yake da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, cewa ajiye tsuntsu ya halatta. Amma sun haɗa da sharaɗin ba shi haƙƙinsa, suna tunatarwa da hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha.

Gwani na gaskiya kuma ya san inda iliminsa ya tsaya. Ba ya fasa kafso ja da rawaya ya zuba a ruwan sha yadda ake yi wa kaji, domin aku ba ya shan ruwa da yawa, in ya ji ɗaci ma sai ya ƙaurace wa ruwan gaba ɗaya, ga shi maganin ba ya taɓa fumfuna ko gubar ƙarfe. Aikinsa ya gane da wuri, ya ɗumama tsuntsun, ya tura mai shi wurin likitan dabbobi. Akwai asibitocin koyarwa na dabbobi a jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri, akwai cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa a Bom kusa da Jos, ban da likitoci masu zaman kansu a manyan birane. Yakan kuma gargaɗi mutane su daina ba aku abinci baki da baki, su yayyafa ruwa kafin share busasshen kashi, su wanke hannu. Akwai zazzaɓin da mutum ke ɗauka daga aku, wanda a 1929 zuwa 1930 ya kama ɗaruruwan mutane a Turai da Amurka ta hanyar tsuntsayen da aka yi safara daga Kudancin Amurka. Yana jin magani, amma sai an gaya wa likita cewa akwai tsuntsu a gida.

Mai karatu, in kana da aku, gobe da safe kafin ka yi masa magana ka tsaya a bakin ƙofa ka dubi jelarsa, da tsayuwarsa, da takardar ƙasan kejinsa. In jelar na bin numfashi, ko ka same shi zaune a ƙasa gashi a kumbure, ka kai shi wurin likita a ranar. In kuwa saye kake shirin yi, ka tambayi mai rumfar inda aka ƙyanƙyashe tsuntsun, kuma kada ka sayi mai gurnani.